Cikin da Ba Shi da Keji

Litinin, bayan magariba

Yau ma na fasa ƙwai har na daina ƙirgawa. Ba na kaza ba, na ɓera, wanda ido ba ya gani sai an sa shi ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu. Hannun hagu ya riƙe ƙwan da bakin ɗan bututu, na dama ya tura allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta, a zuba masa ƙwayar gadon da ake so ɗan ɓeran ya fito da ita. Dakta, wadda ke koya mana, ta ce a shiga ƙwai kamar baƙo mai sallama. Ni dai yau kamar ɗan sanda na riƙa shiga.

Wanda ya tsira daga hannunmu, Dakta ce ke dasa shi a jikin wata macen ɓera, uwar aro, ta raine shi ta haife shi. Da irin 'ya'yan nan ake gwada magani kafin a zo kan mutum. Mu 'yan koyo ƙwayar gwaji ake ba mu: in hannunki ya yi daidai, ɗan zai yi haske kore in an haska shi da wata fitila. Kowa da jerin kejinsa, kowa na jiran nasa.

Maganar mutanen wurin nan ce ta fara ba ni dariya. Ba mai cewa "ɓerana ta ɗauki ciki." Sai ki ji ƙaton ma'aikaci da gemu yana cewa, "Ina da ciki biyu, ɗaya ya zube." Ranar farko sai da na toshe baki da gyale. Yanzu ba na dariyar.

Warin garin katakon da ake shimfiɗa musu ya tayar min da zuciya sosai. Abokiyar zamana a teburin madubi, wadda muke kira Rediyo saboda ba a kashe ta, ta ce yunwa ce. Na ce eh, yunwa ce.

Talata, da asuba

Ba yunwa ba ce.

Laraba, da la'asar

An zagaya da mu ɗakin tiyata, daga waje, ta gilashi. Nan ake sa wa uwar aro iskar barci a hanci, a ɗan tsaga gefenta, a dasa ƙwan, a ɗinke. Ƙarshen mako mai zuwa za mu fara shiga. Wanda bai yi dashen da hannunsa ba, ba shi da takardar shaida, komai kyan allurarsa.

A jikin ƙofar akwai sanarwa da jan rubutu. Mai juna biyu kada ta shiga, saboda iskar. Ta sanar da mai koyarwa tun da wuri. Rediyo ta karanta da ƙarfi ta ce, "To mu wa ya gan mu!" Kowa ya yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Shekarata nawa ina wanke kwalabe da manna wa samfuri suna a cibiyarmu, ina jiran a turo ni horon nan. An tsallake ni, an sake tsallake ni. Da aka turo ni, shugabanmu ya ce min a bakin ofis, "Sau ɗaya ake tura mutum, ki riƙe da kyau." Na riƙe. Yanzu hannu biyu gare ni, abin riƙewa biyu, kuma an ce ɗaya ba ya shiga inda ɗayan yake.

Alhamis, da safe, cikin bas

Sau biyu na yi saurin faɗa. Na farkon, Inna har ta fara saƙa 'yar hula. Na biyun, Maigida ya riga ya shafa wa ƙaramin ɗakin fenti. Duk biyun daga baya aka koma ana shigowa ana ce min sannu da murya ƙasa-ƙasa. Ɗakin yanzu tsofaffin injinan firji ne a ciki.

Wannan karon ba wanda zai ji. Ko takardar nan ba zan faɗa wa sunansa ba.

Asabar, da hantsi

Maigida ya sani. Bai ce ba, ban ce ba, amma ya sani. Mutumin da ke gane firji ya kusa mutuwa daga ƙararsa kawai, ai ba za a ɓoye masa matarsa ba.

Jiya ya shigo da leda cike da lemun tsami, wai wani kwastoma ne ya ba shi. Turaren da yake fesawa kamar mai kashe sauro ya ɓace daga kan madubi. Na sunkuya zan ɗauki bokiti, sai ga hannunsa.

"Bari, Likitar Ɓeraye. Motsa jiki nake so."

"Tun yaushe, Injiniya?"

"Tun yau."

Muka kalli juna, kowa ya kawar da kai. Ina son mutumin nan, wallahi. Kuma ina jin tsoron fuskarsa in abin ya sake faruwa fiye da yadda nake tsoron abin kansa.

Litinin, da azahar

Na tsaya a ƙofar ofishin Dakta. Na dawo.

Talata, da azahar

Na tsaya. Ta fito. Na tambaye ta inda ake ajiye safar hannu, alhali kwalin na hannuna.

Mata ce sa'ar Inna, siririya, ba ta ɓata kalma. In tana aiki ba ta ɗaga ido daga madubi ko gini zai faɗi. Ta yaya zan buɗe baki in faɗa wa irin wannan mata irin wannan magana? Ko Inna da ta haife ni, sai dai ta gane da kanta.

Laraba, da yamma

Hannuna ya fara zama. Yau ƙwai kaɗan ne suka fashe. Akwai wani abu da ake ji in allurar ta shiga daidai: ɗan tabon da ke tsakiyar ƙwan ya kumbura kaɗan, kamar ya ja numfashi. Na ga hakan yau na ce "Allahu akbar" a fili. Dakta ta leƙa ta madubina ta ce, "Uhm." Rediyo ta ce tun da aka fara horon nan ba wanda ya samu "uhm," in je in sa a firam.

Wannan aikin nawa ne. Na sani a jikina. Da ma ban iya ba, da abin ya zo da sauƙi.

Alhamis, bayan la'asar

Na faɗa. Wayyo ni, na faɗa, kuma da ma ban faɗa ba.

Na jira kowa ya fita cin abinci. Dakta na kan madubi tana zaɓen ƙwai. Na tsaya a bayanta. Na ce, "Dakta, ina da ciki."

Ba ta ko juyo ba. "Masha Allah. Wane keji?"

Na yi tsaye. Duk ƙarfin halin da na tara na mako biyu, a jimla ɗaya na kashe shi, ba saura. Ta sake cewa, "Wane keji?" Sai na ji bakina yana cewa, "Na ƙasa, na kusa da bango." Akwai uwar aro ɗaya a can da nauyinta ya ɗan ƙaru jiya, ita ce ta faɗo min a rai.

"Ki rubuta a katin kejin. Ke ce ta farko a ajin nan."

Da aka dawo daga abinci ta sanar wa kowa. Aka tafa min. Mai gemun nan ya ce, "Allah ya raba lafiya!" Rediyo ta yi guɗa har ɓerayen suka firgita aka tsawata mata. Sannan Dakta ta ce tunda ni na riga kowa, ni zan riga kowa shiga tiyata. Gobe in shiga in kalla, Talata in yi da hannuna.

A bas na riƙa dariya ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta matsa. Daga baya ba dariya ba ce.

Juma'a, da yamma

Na shiga.

Takunkumi biyu na sa. Na tsaya can baya kusa da ƙofa, ina jan numfashi guntu-guntu, kamar hakan zai hana iska sanin hanya. Akwai bututun da ke zuƙe ta ya fitar waje, na ga shi, yana aiki. Na riƙa ce wa kaina ai kaɗan ne, ai kallo ne kawai, ai mata nawa.

Dakta ta kira ni in matso in ga inda ake tura ƙwan. Na matso. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya ratsa takunkumin. Uwar aron na kwance, ƙirjinta na hawa yana sauka da sauri, ba ta san abin da ake ba ta amana ba.

Kyan aikin ya isa. Ba zan yi ƙarya ba, na manta kaina na ɗan lokaci. Wannan ne ma ya fi damuna.

Asabar, da azahar

Ina wanke shinkafa, hannuna a jiƙe, waya ta yi ƙara. Rediyo ce, ita ke duba kejuna a ƙarshen makon nan. Na ce Maigida ya danna ya sa a sifika. Yana tsaye da kofin shayi.

"Ƙawata, sai haƙuri fa! Cikinki ya zube. Na ga jini tun da safe, na auna nauyi ya sauka. Kada ki damu, za ki sake samun wani, haka abin yake."

Kofin bai fashe ba, ajiye shi ya yi a hankali a kan firji. Sannan ya zame ya zauna a ƙasan kicin, ƙato da shi, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Rediyo na ta zuba, wai ita ma nata ko ɗaya bai kama ba. Na kashe wayar da gwiwar hannu.

"Injiniya. Na ɓera ne. Ɓera take nufi."

Bai ɗago ba.

"Ka ji ni? Na keji ne. Nawa yana nan."

Haka na faɗa, a kicin, da ruwan shinkafa na ɗiga daga hannuna. Ya ɗago, idonsa jajir. Ya ce, "Yana nan?" Na ce yana nan. Ya yi wata irin dariya mai kama da tari, ya ce wace irin ma'aikata ce wannan da ba a koya wa mutane magana, ya ce in ba shi lambar Rediyo ya cire mata batir.

Da ya huce na zauna kusa da shi na faɗa masa sauran. Sanarwar ƙofa, Talata, takardar shaida. Da jiya.

Na ɗauka zai yi faɗa, na ma shirya amsa. Bai yi ba. Ya kalli tayil ya ce, "Na ga yadda kike dawowa daga wurin nan, fuskarki kamar an kunna fitila. Ba zan ce ki bari ba. Amma kada ki ce in ce ki shiga, ba zan iya ba."

Da ya yi faɗa da na samu abin riƙewa. Shinkafar ta ƙone.

Lahadi, da safe

Na ga abu, ja. Kaɗan ne.

Lahadi, da la'asar

Bai ƙaru ba. Bai tsaya ba. Maigida ya gyara fankar da lafiyarta ƙalau.

Litinin, da yamma

Asibiti. Likitar ta shafa min abin nan mai sanyi ta zuba wa allo ido. Ni da na saba leƙen abin da ido ba ya gani, yau na rufe nawa idon. Ta ce, "Buɗe ki gani mana." Wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa. Maigida ya tambaya ko haka ya kamata ya riƙa gudu, ko ya yi yawa, kamar yana duba injin mutane.

Ta tambayi aikina, na faɗa mata har da Juma'a. Na ce iskar ce? Ta ce ba za ta iya cewa ita ce ba, ba za ta iya cewa ba ita ba ce. Mai irin tarihina takan ga haka ko tana kwance a gida. Amma ta ce in kwanta, in daina tsayuwa, kuma ɗakin nan ko ƙofarsa kada in riƙe.

Ba za ta iya cewa ba ita ba ce. Wannan rabin kaɗai kunnena ya ɗauko.

Talata, bayan azahar

Maigida ya kai ni a motar aikinsa, yana kauce wa kowane rami kamar ya ɗauko gilashi. Ya ce zai jira a waje.

Rigar tiyata na rataye an rubuta sunana a jiki. Ƙwayayen da zan yi wa allura in dasa suna cikin ɗan faranti tun safe. Dakta na kan madubi. Rediyo na gefe, ta fara ba ni haƙurin Asabar, na ce ta ɗan ba mu wuri.

"Dakta, maganar da na yi miki ranar Alhamis."

"Na ji ya zube. Ba laifin hannunki ba ne."

"Ba ta ɓera ba ce. Ba shi da keji, Dakta."

Hannunta ya tsaya. Ta ɗago daga madubin, ta juyo da kujerar gaba ɗaya, ta cire tabarau. Ban taɓa ganin idonta haka ba, ƙanana ne, sun gaji. Ta kalli fuskata, ta kalli ƙasa da fuskata.

"Innalillahi. Kuma na ce ki matso."

Na ce laifina ne, ni na amsa da keji. Ta girgiza kai. "Kin zo kin faɗa min da bakinki, yadda sanarwa ta ce. Shekara da shekaru ina jin kalmar nan safe da yamma, har na manta mutane ma suna yi." Ta jawo kujera da ƙafa. "Zauna, 'yata. Me likita ta ce?"

Na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sai na yi abin da na rantse ba zan yi ba, na roƙe ta. Na ce ko za a duba allurata kawai, ko za a bar ni in yi dashen a wani ɗaki, ko da wani maganin barcin. Ta ce tsarin wurin nan iskar ce, ba ita ke da ikon canza shi don mutum ɗaya ba. Kuma ba za ta sa hannu a kan abin da hannuna bai yi ba, don wata rana wani zai miƙa min dabba mai rai saboda ya ga sa hannunta. Za ta yi wa shugabanmu magana da kanta a sake turo ni. Ta ce, "Ban ce zai yarda ba."

Na san ba zai yarda ba. Akwai mutum uku a bayana a layi.

Na tashi zan tafi, ta ce, "Ƙwayayen nan naki ne, kuma allura a zaune ake yi. In kina iyawa."

Na zauna. Ban san daga ina natsuwar ta zo ba. Ɗaya bayan ɗaya suka ja numfashinsu, ko ɗaya bai fashe ba. Dakta na tsaye a kaina ba ta ce ko "uhm" ba, hannunta dai na kafaɗata. Da na gama Rediyo ta ɗauki farantin da hannu biyu, kuma karon farko tun da na san ta ba ta ce komai ba. Ta sa rigar da ke da sunana don tata na wurin wanki, ta shiga, ƙofar ta rufe.

Na kalla ta gilashi har ta fara ɗinki. Sannan na fita wurin Maigida.

Alhamis, da hantsi

Kwance. Silin ɗinmu na da tabo mai kama da kunnen ɓera.

Asabar, da yamma

Ya tsaya. Tun jiya ban ga komai ba. Ba zan ƙara cewa komai a kai ba.

Inna ta zo. Ta ga ni a kwance da rana tsaka, ta ga lemun tsami, ba ta tambaya ba. Ta share gidan, ta yi min addu'a a ka, ta tafi. A ƙofa na ji tana ce wa Maigida, "Ban ga komai ba, ban ji komai ba." Ya ce, "Mu ma haka, Inna."

Laraba, da la'asar

Shugabanmu ya kira. Ya yi min sannu da jiki sosai. Ya ce in na warke kwalabena na jirana. Maganar sake turawa, ya ce "za a duba," da muryar da ake cewa ba za a duba ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na daɗe ban rubuta ba, ba abin rubutawa. Kwanciya, magani, kwanciya. Siket ɗina na aiki ya daina rufuwa.

Yau aka raba takardun shaida. Rediyo ta turo hotuna: su duka a jere, wani ya ɗaga tasa sama kamar ya ci kofi, Dakta a gefe ba murmushi. Sai hoto na ƙarshe, mai duhu. Uwar aron da aka dasa wa ƙwayayena ta haihu shekaranjiya. 'Ya'yan na kwance a tafin safar hannu, ja-ja, ba gashi, ido a rufe. An haska su da fitilar. Uku daga ciki kore shar, har 'yan yatsunsu.

A ƙasa ta rubuta: "A ajin nan kaf ba wanda ya samu uku. Sunana ne a katin don ni na dasa, amma kowa ya san hannun waye. Dakta ta ce a gaishe da mai juna biyu, ta ce in faɗa miki na mutum take nufi."

Na yi kuka sosai, irin mai sheshsheƙa. Maigida ya shigo daga aiki da baƙin mai a hannu, ya karɓi wayar da yatsa biyu ya daɗe yana kallo.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni na yi."

Ya zauna a bakin gado. "Kina nadama?"

Na so in ce a'a, don shi. Amma mun gama da ɓoye-ɓoye a gidan nan. Na ce, "Ina yi mana. Kullum."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "'Yan ajinku ba su watse ba tukuna, ko? Mota na waje. In kina so ki ga 'ya'yan ɓeran da idonki, a hankali zan tuƙa."

Na sake kallon hoton. Hanyar wurin duk ramuka ce, kuma likita ta ce sai mako mai zuwa za ta sake dubawa. Na kife wayar a kan katifa.

Na ce ya wanke hannunsa ya zo ya ƙara min matashi a ƙarƙashin ƙafa.